Amsa ga mai tambaya kan bikin buɗe Olamfik na Faris: abin da na gani a gidan kallo

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ba ka kalli bikin buɗe gasar Olamfik ta 2024 da aka yi a Faris ba, guntayen bidiyo kawai ka gani, kuma har yau in zancen ya taso sai ka ji wasu na tsinuwa wasu na yabo. Kana son sanin yadda ƴan kallo suka karɓe shi a zahiri, da kuma ko ya dace magidanci ya zauna da iyalinsa gaban talabijin idan irin wannan biki ya sake zagayowa. Ni gidan kallo nake riƙe da shi, na daɗe a harkar, kuma ban da fitar salla a gabana aka yi bikin nan har aka kunna wutar gasar.

Olamfik ba ta kawo mana ciniki, ƙwallo ce abincinmu. Don haka ranar, Juma'a 26 ga Yuli, ban karɓi kuɗin kowa ba, na tada janareta na bar ƙofa a buɗe. An fara ƙarfe shida da rabi na yamma agogon Najeriya da Nijar, ana dab da kiran magariba, aka kuma ja shi kusan awa huɗu. Ka ga kenan a ƙasarmu da wuya ka sami wanda ya gan shi a cike. An fita magariba, an dawo, an fita isha'i, daga masallaci wasu suka wuce gida cin tuwo. Ka riƙe wannan, domin washegari waɗanda suka fi ɗaga murya a majalisa su ne waɗanda ban ga ƙeyarsu ba a daren.

Abin da ya fara ɗaukar hankalin mutane shi ne ba a filin wasa aka yi ba. Karo na farko kenan da aka fitar da bikin buɗe Olamfik ta bazara daga cikin fili. A jiragen ruwa 85 aka ɗebo ƴan wasa kusan 6,800, aka bi kogin Sen tafiyar kilomita 6 ta tsakiyar gari, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Yaran da ke bencin gaba ba ruwansu da tarihin gine-ginen da ake ta haskawa, dariyar manyan baƙi suke yi da aka nuna sun lulluɓa da leda suna ɗigar ruwa. Wani ya ce, ashe su ma damina ba ta jin kunyarsu. Da aka nuno Zidane riƙe da wutar gasar kuwa ɗaki ya ɗauka da sowa, shi kowa ya san shi. Lady Gaga ta zo ta wuce ba wanda ya ɗaga kai. Aya Nakamura, wadda aka haifa a Bamako, ta fito tana waƙa tare da ƴan badujalar sojan fadar Faransa. Ita ma sai da wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya bayyana cewa ƴar Mali ce, kuma masu ƙin baƙi a Faransa sun yi ta surutu don kada a sa ta, sannan aka gyara zama aka saurare ta.

Amma gaskiyar magana, abu ɗaya ɗakin yake jira: tutarmu. Girka ke fara shigowa kamar yadda aka saba, sai tawagar ƴan gudun hijira, sannan a bi harufa da Faransanci, shi ya sa muka daɗe muna jira. Nijar da Najeriya a jere suke, jirgi ɗaya ma suka shiga tare da Nowe. Ƴar tseren nan Tobi Amusan na cikin masu riƙe da tutar Najeriya. Duka-duka ƴan daƙiƙu aka haska su, amma tafin da aka yi a ƴan daƙiƙun nan ya fi na duk sauran bikin in an haɗa. Ɗan Maraɗin nan har kan benci ya hau. Aka yi ta musu kan kayan da suka sa, wani ya ce sun yi kyau, wani tela ya ce da shi aka ba ɗinkin da ya fi haka. Daga baya ne labari ya fito cewa ƴan matanmu na ƙwallon kwando, D'Tigress, an hana su shiga jirgin, aka ce ya cika. Su ne kuma suka je suka doke Ostareliya 75 da 62, suka doke Kanada, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƴan takwas a ƙwallon kwando ta Olamfik. Najeriya ta dawo daga Faris ko lambar tagulla ɗaya babu. Ni a wurina wannan ya fi cancantar a zauna a yi ta magana a kai, amma ina, wani zancen ya danne shi.

To, ga abin da ka tambaya. Can bayan isha'i aka nuno wata gada da aka mayar wurin nunin tufafi, ga dogon teburi, mutane sun jeru a bayansa, cikinsu har da maza masu shigar mata, wata mata a tsakiya da abu mai sheƙi zagaye da kanta. Daga baya aka buɗe wani babban murfi, sai ga mawaƙi Philippe Katerine an shafe shi da shuɗin fenti, kusan tsirara, kwance cikin ƴaƴan itatuwa. Wani dattijo da ke zama kusa da fanka ya ce a'uzu billahi, ya ɗauki takalmansa. Ni kuma da na waiga na ga yara sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, sai na danna rimot na koma wata tasha, na ba shi ƴan mintoci sannan na dawo. Ba wanda ya ce mini don me.

Abin lura a nan, duk Musulmin da ke ɗakin ba wanda ya san teburin nan ya yi kama da wani abu. Tsiraici da shigar banza muka gani, shi ya ishe mu ƙyama. Wani Kirista mai gyaran waya da ke zuwa kallo wurina shi ne ya miƙe ransa a ɓace, ya ce wannan ai zanen jibin ƙarshe ne na Leonardo da Vinci suke kwaikwayo, inda aka zana Yesu da almajiransa. Sai a lokacin ɗakin ya gane ashe maganar ta wuce rashin kunya, ta taɓa Annabi Isa, alaihissalam. Kafin gari ya waye duniya ta ɗauka. Majalisar bishop-bishop ta Faransa ta yi tir, Al-Azhar ta yi tir, fadar Batikan ma daga baya ta fitar da sanarwar nuna ɓacin rai. Wanda ya tsara bikin, Thomas Jolly, ya ce shi ba zanen nan ya nufa ba, liyafar gumakan Girkawan da ce, mai shuɗin jikin kuma Dionysus ne, gunkin giya. Mai magana da yawun masu shirya gasar, Anne Descamps, ta ce ba su yi niyyar cin mutuncin wani addini ba, kuma in an ɓata wa wani rai suna ba da haƙuri.

In ka tambayi ra'ayina, bayanin bai gamsar da ni ba. Wanda ya ƙware a harkar zane da wasan dandali har aka danƙa masa bikin da duniya za ta kalla, ba zai ce bai san yadda mutane za su fassara dogon teburi da mutum a tsakiya mai haske a ka ba. Ko da kuwa gaskiya ya faɗa, bai dace da falon da uba da ƴaƴa ke zaune ba. Masu ƙorafi suna da hujja.

Sai dai abin da ya biyo baya a waya wani abu ne daban. Aka yanko minti ɗaya daga cikin awa huɗu, aka ɗora masa wa'azi, aka ƙara gishiri. Aka turo mini hoton kan wani sa mai ruwan zinariya da aka gani kusa da dandalin taron, wai maraƙin Samiri ne aka kafa ana bauta wa. Alhali mutum-mutumin nan yana wurin tun 1937, ado ne na maɓuɓɓugar ruwan Trocadéro, dandalin ne ya zo ya same shi. Dokin ƙarfen da ya yi sukuwa a kan kogi ɗauke da mai tutar Olamfik, wanda a ɗakina aka yi ta mamakin yadda aka ƙera shi, a waya ya koma alamar tashin ƙiyama. Matar da aka nuna riƙe da kanta a hannu kuwa sarauniya Marie Antoinette ake nufi, wadda aka fille wa kai a 1793 lokacin juyin juya halin Faransa, kuma a ginin da aka tsare ta aka yi wasan. Abin ba daɗin gani, amma tarihinsu ne, ba tsafi ba. Gani ya kori ji. A daren ne kuma ƴan wasan Aljeriya suka watsa jajayen furanni cikin kogin don tunawa da ƴan'uwansu da ƴan sandan Faris suka kashe ranar 17 ga Oktoba 1961, wasu aka jefa su a wannan ruwan. Wannan bidiyon da ƙyar na ga mutum ɗaya ya tura. Haka kurakuran da masu bikin suka tafka: aka kira Koriya ta Kudu da sunan Koriya ta Arewa har sai da aka ba da haƙuri, aka kuma ɗaga tutar Olamfik a juye.

Masu yabon ma ba ƙarya suke yi ba. Ƙarshen bikin ya yi kyau matuƙa. Zakarun wasannin Faransa Marie-José Pérec da Teddy Riner, dukansu baƙar fata, suka kunna kaskon wuta, babban balan-balan ya ɗaga shi sama. Céline Dion, wadda ciwo ya hana ta waƙa a bainar jama'a tsawon lokaci, ta fito a kan hasumiyar Eiffel. Ƴan tsirarun da suka rage a ɗakina ba mai jin Faransanci sai mutum ɗaya, amma shiru aka yi har ta gama.

Abin da na fahimta a shekarun nan shi ne, bikin buɗe gasa kamar jeren ɗakin amarya yake, kowane gida abin da yake taƙama da shi yake fitarwa. Ka tuna na Kofin Duniya a Katar, Lahadi 20 ga Nuwamba 2022, a filin Al Bayt mai siffar tanti. Ɗan fim ɗin Amurka Morgan Freeman ya zauna da Ghanim Al-Muftah, matashin nan da aka haifa ba ƙafafu, yaron ya karanta aya ta 13 cikin Suratul Hujurat. Ranar kabbara aka yi a ɗakina, wasu har da hawaye, kuma mako guda ana tura bidiyon. Amma a Ingila BBC ba ta nuna bikin a babbar tasharta ba, ta cika lokacin da maganar haƙƙin ma'aikata baƙi da dokokin Katar. Yadda muka ji daɗin na Katar su suka tsuke fuska, haka ɗimbin Faransawa suka yi alfahari da na Faris mu muka kau da kai. Wani kuma da bai raba kan ɗakina ba shi ne na Kofin Afirka a Abijan, 13 ga Janairu 2024: kiɗa, rawa, kayan gargajiya, Yemi Alade ta fito aka ce tamu ce, shi ke nan aka shiga ƙwallo.

Maganar iyali kuwa, ga yadda nake yi a gidana. Na gasar ƙwallo gajere ne, yawanci bai wuce rabin awa zuwa awa ɗaya ba, kuma abin da za ka kula da shi shigar mawaƙa da ƴan rawa ce. Na Olamfik shi ne dogo, shi ne kuma ake cusa wasan kwaikwayo a ciki ba tare da an sanar da mai kallo abin da ke tafe ba. Shigowar tawagogi ba ta da matsala, har ma tana da amfani, yara na koyon tutoci da sunayen ƙasashen da ba su taɓa ji ba. Sauran kuwa, ko dai ka zauna da rimot a hannunka kada ka bar su su kaɗai, ko ka bari a gama ka kalla tukuna, sannan ka nuna musu wuraren da ka yarda da su. Ni na biyun nake bi, don yatsa ba ya riga kyamara. Na gaba ma ya zo maka da sauƙi: a Los Angeles za a yi, 14 ga Yuli 2028, kuma muna gabansu da awa takwas, in sun fara da yamma nan dare ya raba, yara sun daɗe da barci. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.