Tambayoyinku kan tatsuniya da karin magana

Wani daga Maraɗi: Malam, gatana da tatsuniya abu ɗaya ne?

Ɗaya ne. Gatana daga mabuɗin ta fito, "ga ta nan ga ta nanku".

Wata daga Zariya: Malam, me ake nufi da "tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi"? Kuma ba tatsuniya ƙarya ce kawai ba?

Karin maganar ana faɗin ta ga mutumin da duk inda ya zagaya zancensa wuri guda yake komawa. Amma 'yar uwa wannan "kawai" ɗin naki ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Na gaji da jin 'yan siyasa da 'yan jarida suna cewa "wannan ai tatsuniya ce" in suna nufin zuƙi ta malle, kamar kalmar ba ta da wani aiki sai wannan. Eh, ita kanta mai bayarwar tana rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", amma ki duba abin da ƙaryar ke shukawa. Mu kakarmu a tsakar gida take zaunar da mu bayan isha, fitilar ƙwai na ci, tana ɓare gyaɗa tana ba mu labarin 'yar bora da 'yar mowa, 'yar bora ta bi umarnin tsohuwa ta dawo da dukiya, 'yar mowa ta yi rashin kunya ta kwashi kashinta a hannu. A nan muka koyi ladabi tun kafin a kai mu allo. To amma a nan ɗin dai muka koyi cewa kishiyar uwa muguwa ce, wallahi na ga yarinya 'yar shekara 6 ta ƙi karɓar kunu daga hannun amaryar babanta, matar kuwa ko hararar ta ba ta taɓa yi ba. Shi kansa Gizo mayaudari ne amma shi yara ke so, har tsamin bakinsa suke kwaikwayo. Abin da ya yi wannan tasirin ba a ce masa "kawai".

Wani daga Kumasi: Labarin Bayajida fa, tatsuniya ne?

A'a, tarihihi ake ce masa, wato labarin da ake bayarwa a matsayin tarihi ko da ya gauraya da ƙari, tunda ga rijiyar Kusugu can a Daura kuma masu ba da shi da gaske suke.

Wani ɗalibi: Ƙurunƙus kan kusu ne ko kan ɓera?

Duk daidai, kusu a Sakkwato, ɓera a Kano.