Hukuncin mai jinyar tsofaffi da ke son haɗa aikinta da yoga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, aikina bin gidaje ina kula da tsofaffi: wanka, ciyarwa, tuna musu shan magani, juya wanda ba ya iya juyawa. Inda nake aiki sun ba mu damar yin kwas na yoga irin wadda ake yi don lafiya, mu riƙa yi wa tsofaffin. Akwai ƙarin albashi, kuma ni ma ciwon baya ya dame ni. Wata ƙawata ta ce yoga bautar Hindu ce. Ya halatta in koya, in haɗa da aikina, in ci kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, da kika tambaya kafin ki shiga.

Ƙawarki tana da gaskiya game da asali. A Indiya yoga ta tsiro, cikin addinin Hindu, kuma manufarta ta farko ibada ce da horon ruhi. Daga baya ta bazu a Turai da Amurka a matsayin motsa jiki, har Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni. Shi ya sa yau sunan ɗaya yake ɗauke da abubuwa biyu, kuma hukunci yana bin abin da ake yi ne a zahiri. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga a Nuwamba 2008 saboda zikirori da ibadun da ke cakuɗe da ita. Majalisar malaman Indonesiya kuma a Janairu 2009 ta rarrabe: wadda ke da ibadar Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla ta halatta. Wannan rarrabewar nake rinjayarwa.

Dalilina shi ne hadisin Aufu ɗan Malik da Muslim ya ruwaito. Sahabbai sun gaya wa Annabi (SAW) suna da tofin da suke yi tun jahiliyya. Bai ce su watsar gaba ɗaya ba, sai ya ce su kawo masa ya duba, ya ce babu laifi da tofi matuƙar babu shirka a ciki. Magani ne da ya fito daga hannun masu bautar gumaka, aka tace shi, aka riƙe mai kyau. Miƙa gaɓoɓi, daidaita numfashi, koya wa tsohuwa ɗaga hannu tana zaune a kujera, duk al'adu ne, kuma asali a al'adu shi ne halacci. Ladan da kika karɓa a kansu halal ne, ko Musulmi kika yi wa ko waninsa.

Abin da za ki nisanta shi ne furta "Om" da sauran kalmomin da ake rerawa, domin zikirin addininsu ne, da zaman tunani da nufin haɗewar ruhi da abin bauta, da haɗa tafuka ana sunkuyawa a ƙarshen darasi. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a.

Wanda ya fi damuna shi ne jerin motsi 12 da suke kira Surya Namaskar, gaisuwar rana, wanda a asali ake yi da hudowar rana ana fuskantar gabas. Za a ce miki motsi ne kawai, ke ba ki yi niyyar bauta ba. Ban yarda da wannan uzurin ba. Allah ya ce kada ku yi sujada ga rana ko wata (Fussilat: 37). Kuma a hadisin Amru ɗan Abasa a Muslim, Annabi (SAW) ya hana salla lokacin hudowar rana saboda a lokacin kafirai ke yi mata sujada. Mai sallar nan Allah yake nufi, amma aka hana shi don kada ya yi kama da su. To ina ga wanda ya ɗauko jerin da sunansa da tsarinsa? Kada ki yi, kada ki koyar. In wani motsi guda daga ciki yana da amfani, a cire shi a yi shi daban. Masu cewa ai salla ma yoga ce don ruku'u na miƙar da baya, su ji tsoron Allah. Don bauta aka farlanta salla.

Saboda haka ki nemi manhajar kwas ɗin kafin ki sa hannu. In sauraron tarihin yoga ne kawai don jarrabawa, babu laifi. In dole ne ki rera ko ki jagoranci gaisuwar rana kafin a ba ki takardar shaida, ki bari, ki nemi kwas na motsa jikin tsofaffi irin wanda likitocin gashin ƙashi ke koyarwa. Da za ki samu wannan tun farko, shi na fi so miki.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, kuma nauyinsa bai gaza na farko ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da likitanci ba, lamuni yana kansa. Tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, ko mai hawan jini, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko aka canja masa ƙashin ƙugu, lanƙwasa ɗaya ba daidai ba na iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Kwas na 'yan makonni bai mai da ke likita ba. Kada ki fara da kowa sai da yardarsa da izinin likitansa, kada kuma ki ce wa wani ya bar maganinsa don yana yoga. Lokacin da aka biya ki don wanka da ciyarwa amana ne, ba za ki gutsure shi don wani abin ba sai da sanin masu aikin.

Batun maza kuma: taɓa jikin namiji majinyaci wajen wanka ko juyawa an yi rangwame a kansa saboda buƙata, gwargwadon buƙatar. Yoga ba ta kai wannan matsayin ba. Ki nemi a keɓe miki mata. In ya zama dole namiji ne, ki koya masa da baki ba tare da taɓawa ba, cikin suturarki ta kamala, kuma da wani a gidan don guje wa keɓancewa.

Ciwon bayanki kuwa, ki fara ganin likita, ki kuma nemi a horar da ke yadda ake ɗaga majinyaci da na'urar ɗagawa. Miƙa jiki a ɗakinki bisa sharuɗɗan da na ambata ya halatta. Allah ya ba ki lafiya.

Wallahu a'alam.