Kira kolum da sunansa

Wai me ya sa na goge maka `df[, 7]`, wato kiran kolum na 7 na tebur `df` a R, harshen kwamfuta na nazarin bayanai, alhali ya fito da kolum ɗin da kake so? Yau ya fito da shi. Gobe fa?

Zauna ka ji, yaro. Wani mutum ya taɓa kawo mini aikin binciken gidaje. Na rubuta kod ɗina a R, kolum na 7 shi ne kuɗin shigar gida, na gwada, komai lafiya lau. Ana saura kwana 2 a miƙa rahoto sai ya turo sabon fayil, wai 'yan gyare-gyare ne kawai. Ashe kolum ya cusa a farkon tebur, na lambar gida. Komai ya gusa da ɗaya, na 7 ya koma yawan mutanen gida. R bai ce uffan ba. Lamba ya gani, ya fitar da matsakaici ya miƙo mini, ni kuma barci fal idona, na liƙa a rahoto. A gaban manyansa aka karanto cewa kuɗin shigar gida 6 ne da 'yan kai. Mutumin nan ya danne rabin kuɗina, aikin mako 3, kuma har yau rantsuwa yake bai taɓa tebur ɗin ba. Na bar shi da Allah.

Tun ranar ban ƙara kiran kolum da lamba ba. Rubuta `df[, c("shiga", "shekaru")]`. In sunan ya ɓace, R zai tsaya cak ya yi maka ihu, kuma ihun nan nake so. Ko ka ɗauki `select(df, shiga, shekaru)` na dplyr, wani kunshin kod da ake ƙara wa R, tunda ku yaran yanzu ba ku san akwai R ba kafin 2014 da dplyr ya fito.

Alamar `$` ma kada ka saki jiki da ita. A data.frame, wato tebur na R, ka rubuta `df$shi` sai ta cika maka sunan da kanta ta ba ka `shiga`, ko gargaɗi babu. Kuma in kolum ɗaya ka zaɓa, sa `drop = FALSE`, in ba haka ba tebur ɗin zai rushe ya bar ka da jerin lambobi tsirara.

Yadda ake shigo da fayil kuwa, kada ma ka tambaye ni. Kun iya kwafo kod daga intanet, amma buga `names(df)` ku duba sunayen kolum ɗin da ke hannunku ya gagare ku. Tashi ka gyara layin nan, ina jira.