Amsa ga ɗan'uwan da aka cire wa kashi 5 a kuɗin kwangilarsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka yi wa kamfaninka rajista bara, wani babban kamfani ya ba ka ginin gidaje a ƙarƙashinsa, da aka zo biya aka cire maka kashi 5 cikin 100 da sunan haraji ba tare da an ba ka ko takarda ba. Ka ce farashin kaya ya cinye ribar, kana da yara masu koyon aiki ba ka san matsayinsu a doka ba, kuma wani ya tsorata ka da dokar kare bayanai. Na daɗe ina wannan sana'a tsakanin Kano da Kaduna, bari in faɗa maka abin da na sani, Allah Ya sa ya amfane ka da sauran 'yan'uwa.

Kuɗin da aka cire maka ba tara ba ne, kuma bai zama na wanda ya cire ba. Harajin da ake riƙewa ne tun kafin kuɗi su iso hannunka, wanda ya ba ka aikin ya kai wa hukuma da sunanka, ranar da aka zo lissafin harajinka na shekara a rage shi daga abin da ake bin ka. To amma a duba adadin. Ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025 ta sanya kashi 2 a kan ainihin ginin gida, hanya, gada da tashar wuta, sai kashi 5 a kan sauran ayyukan da suka danganci gini. Idan takardar kwangilarka ta nuna kai ka tayar da ginin daga tushe zuwa rufi, kana da hujjar komawa wurin akawunsu ka tambayi dalilin kashi 5. A aikin naira miliyan 20, bambancin ya kai dubu 600. Wannan kuɗin kwanon rufin wani sashe ne, ba abin da za a bar wa kunya ba.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne shaidar cewa an kai kuɗin. Ka nemi rasit ɗin cirewar mai ɗauke da sunan kamfaninka da lambar harajinka, wato TIN, sannan ka sa mai yi maka lissafi ya duba ko kuɗin sun bayyana a shafinka na hukumar. Na ga 'yan kwangila da yawa da aka yi shekaru ana cire musu, ranar da suka je neman takardar shaidar biyan haraji aka ce babu ko kwabo da sunansu, saboda ko dai ba a kai ba, ko an kai da lambar da ba tasu ba. Kamfanin da ya cire kuwa ya canza akawu, wani ma ya rufe. Ka bi wannan takarda cikin watan da aka biya ka, tun ana ganin fuskarka. Kuma ka sani wanda ba shi da TIN ninka masa cirewar ake yi.

Game da sababbin dokokin haraji da ake ta magana, shugaban ƙasa ya sa musu hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026. Hukumar haraji ta tarayya, wato FIRS, ta koma NRS. Ita ke karɓar harajin kamfani irin naka, amma wanda sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, hukumar jiharsa zai nufa, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Harajin VAT yana nan a kashi 7.5. An ɗaga iyakar cinikin da ake kiran kamfani ƙarami daga tsohuwar miliyan 25 a shekara, da sharaɗin kadarorinsa na aiki ba su wuce miliyan 250 ba, kuma ƙaramin kamfani ba ya biyan harajin riba, ba ya biyan sabon harajin raya ƙasa na kashi 4 da ya haɗe na asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, da sauransu wuri guda. A nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. Sun ji an ce an yafe, sai su daina zuwa ofishin gaba ɗaya. Biya aka yafe, ba a yafe shigar da bayanin shekara ba. Wanda bai shigar ba tararsa dubu 100 ce a watan farko, dubu 50 a kowane wata da ya biyo. Sannan kamfani ko ma'aikatar da ta ba wanda ba shi da rajistar haraji kwangila, ita ma tarar miliyan 5 ke kanta. Saboda haka manyan kamfanoni za su ƙara tsananta tambayar takardu, ba don ƙiyayya ba. Maginin da ya ƙware amma ba shi da lamba zai ga aiki yana wuce shi zuwa wurin wanda bai kai shi iya aiki ba, abin da ke ci mini rai ke nan a kan mutanenmu.

Wata ribar da sabuwar dokar ta kawo, idan kana cikin masu karɓar VAT: wanda ka biya a kan injin kwaɓa kankare, janareta, ko hayar wani aiki, yanzu ana iya cire shi daga wanda za ka kai. Sai dai da rasit mai sunan kamfaninka. Takardar da yaron shago ya yago daga littafi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya rubuta adadi kawai ba za ta yi ba. Ka saba wa dilolinka da rubuta cikakken rasit, za su yi ƙorafi da farko, daga baya su saba.

Kasuwa kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo, ba wanda ya isa ya ba da farashin wata shida ya kwana lafiya. Ka tuna farkon 2024, buhun simintin da muke saye ƙasa da dubu 6 ya haura dubu 10 a wasu garuruwa, har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin dubu 7 da dubu 8. Mu da ke da masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe ba mu tsira ba, domin kuɗin dizal na tirela a kan buhun yake sauka. Ni yanzu duk lissafin da na bayar ina rubuta a ƙasansa cewa farashin na mako biyu ne. A kwangila mai tsawo ina sa sharaɗi cewa idan siminti ko rodi suka tashi fiye da kaso kaza, za a sake zama, idan sun sauka ma mai gida ya amfana. Wannan ɓangare na biyun shi ke sa mai gida ya yarda. In an ba ka kafin alƙalami, ka zuba shi a rodi da kwano, su ba sa lalacewa da wuri. Siminti kada ka tara shi a fili, musamman da damina, gara ka biya dila amintacce ka karɓi rasit kana ɗauka kaɗan-kaɗan. Kuma ka riƙa auna rodin da aka kawo maka, domin akwai wanda ake kira mai milimita 12 alhali bai kai ba, kuma ranar da dakin, wato rufin kankare, ya tsage sunanka za a kira, ba na mai shago ba.

Maganar yaranka ita ta fi taɓa ni, domin ni ma a hannun wani na koya, Allah Ya jiƙansa. Amanar iyaye ce a hannunka, dokar ƙwadago kuma ta san da ita. Ta ce yarjejeniyar koyon sana'a ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya shaida, kada ta wuce shekara 5. Mai shekara 16 zuwa sama yana iya ƙulla ta da kansa. Wanda bai kai 15 ba kuwa doka ta hana a sa shi aiki a wurin gini, kuma ko ba doka, bai kamata yaro irin wannan ya hau tsani da kwanon kankare a ka ba. Ka zauna da mahaifin kowane yaro a rubuta abin da za ka koya masa, kuɗin abinci da na mota, wa ke da alhakin magani in ya ji ciwo, da lokacin yaye. Wannan takarda ita ke raba mai koyo da lebura. Na ga yaran da suka yi shekara takwas suna ɗaukar bulo ba a taɓa ba su cokalin gini ko igiyar awo sun riƙe ba, wannan ba koyarwa ba ce, cin gumi ne.

Kafin ka yaye yaro, ka kai shi ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, wanda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya, ko ka bi ta tsarin shaidar ƙwarewa na hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna, wanda ke auna abin da mutum ya iya ko da bai zauna a aji ba. Takardar nan ce za ta shigar da shi babban kamfani. Ka yi rajista da asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF, kashi 1 ne na albashin da kake biya, su ke ɗaukar diyyar wanda ya faɗo ko ya rasa yatsa a bakin aiki. Kashi 1 na asusun horar da ma'aikata, wato ITF, kuwa, tun gyaran dokarsa a 2023 sai ma'aikatanka sun kai 25 yake hawa kanka, amma in za ka nemi aikin gwamnatin tarayya za a tambaye ka takardarsu tare da ta fansho.

Dokar kare bayanai ta 2023 ba ta bankuna kaɗai ba ce. Duk wanda ke riƙe da bayanin wani ta shafe shi, kai kuma kana riƙe da kwafin NIN na leburori, lambobin asusunsu, hotunan masu tsaya musu, da zanen gidan mutane. Hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ke kula da ita. Rajista da hukumar ta fi shafar wanda ke sarrafa bayanan mutane sama da 200 cikin wata shida, amma tara tana iya hawa kan ƙarami ma, har miliyan 2 ko kashi 2 na cinikin shekara, duk wanda ya fi yawa. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Bayanin yaron da bai kai 18 ba kuwa sai da yardar iyayensa, ka sa wannan layi cikin takardar koyon da na ambata.

Abin da za ka yi ba mai tsada ba ne. Kada ka karɓi abin da ba ka buƙata, domin biyan lebura lambar asusu ta isa, BVN ba ruwanka da ita. Ka daina tura jerin albashi da hotunan katin mutane a zauren WhatsApp na wurin aiki. Takardu su zauna a durowa mai makulli, wayar da ke ɗauke da su a sa mata lambar sirri, na wanda ya bar aiki a ƙona in an gama da su. Sannan ka hana yaranka ɗora hoton gidan mai gida a Facebook ko TikTok sai da izininsa, balle zanen da ke nuna ƙofofi da ɗakin kwana. A halin tsaron da muke ciki a Arewa, wannan ya wuce maganar tara.

Idan ka samu rasit ɗin cirewar, ka rufe lambobin da ke kai ka turo shi tare da shafin kwangilar da ya bayyana irin aikin, mu duba ko kashi 2 ne ya hau kanka ko 5. Allah Ya sa albarka a nema.