Filin Tarbiyya: Bidiyon Nasiha da 'Ya'yanmu

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Ya'yana uku ne, masu shekara 11, 7 da 3. Kusan kullum ina kunna musu gajerun bidiyoyin nasiha da ake turowa a WhatsApp. Suna kallo har da "Allah sarki", amma gari na wayewa hali yana nan yadda yake. Ina kuskurena?
*Wata uwa daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuskure na farko, kin haɗa su ukun a kwano ɗaya. Autan ki cire shi daga wannan zama. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ba a son a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ɗan shekara 3 hannunki yake kallo, ba ya jin wa'azi. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta ishe shi.

Na biyu, kullum ya yi yawa. Bidiyo ɗaya a mako ya wadatar, mai tsawon minti 3 zuwa 5, mai magana a kan hali ɗaya tak. Ki fara kallonsa ke kaɗai har ƙarshe, domin da yawa sukan fara da kyau su ƙare da hadisin da ba shi da asali ko tallar magani. Ki sauke shi a waya, ki kashe data kafin ki kira yaran. Idan data na kunne, wani bidiyon kan iya biyo baya da kansa, kuma wanda ya biyo bayan ne zai zauna musu a kai.

Ga inda aikin yake. A ce labarin yaro ne da mai shago ya ba shi canjin da ya wuce ƙima. Daidai lokacin da ya buɗe tafin hannunsa ya ga kuɗin, ki tsayar da bidiyon. Ki tambayi ɗan shekara 7 tukuna, don in babban ya riga shi amsa zai kwaikwaya kawai: "Kai ne, me za ka yi?" In ya ce zai sayi alewa, kada ki zaro ido. Gaskiya ya faɗa miki, ita kuma kike nema. Ki ce, "To mai shagon fa, in ya ƙirga ciniki da daddare?" Sannan ki saki sauran. Washegari ki aike shi sayen magi da kuɗin da za a ba shi canji, ya dawo ku ƙirga tare. Bayan kwana uku ki sa babban ya ba ƙaninsa labarin da baki, ba waya. A nan za ki san abin da ya shiga.

Abu biyu ke ɓata wannan shiri. Ɗaya shi ne gugar zana: yaro ya yi laifi da rana, da daddare a kunna masa bidiyon ɗan da ke wanke ƙafar uwarsa, a ce "ka ga 'ya'yan mutane". Daga ranar ya gane bulala ce, zai toshe kunne. Ɗayan kuma bidiyoyin kabari da azaba masu kururuwa, ana dab da barci. Ga ɗan shekara 7 ba tsoron Allah suke haifarwa ba, tsoron duhu ne da firgita cikin dare.

In kina neman jadawali, ki duba nasihar Luƙmanu ga ɗansa, Suratu Luƙman aya ta 13 zuwa 19. Ki lura yadda ta sauko daga tauhidi da haƙƙin iyaye da salla har zuwa abin da ido ke gani: kada ka karkatar da kunci ga mutane, ka daidaita tafiyarka, ka sassauta murya. Ki ɗauki hali ɗaya kowane mako, ki nemo bidiyon da ya dace da shi. Hali ke zaɓen bidiyo.

Tambaya: Ɗana yana aji biyar na sakandare. Ya duƙufa kallon masu cewa makaranta ɓata lokaci ce, wai Bill Gates da mai Facebook duk barinta suka yi. Yanzu yana neman jarin kasuwancin intanet. In ƙwace wayar?
*Wani uba daga Gombe*

Amsa: Kada ka ƙwace, Malam, zai kalla a ta abokinsa, kai kuma ka rasa ganin abin da yake kallo. Ka ce ya nuna maka wanda ya fi burge shi, ku kalla tare, sannan ka cike masa abin da aka yanke. Gaskiya ne Bill Gates ya bar makaranta a 1975, Mark Zuckerberg ma ya bari bayan kafa Facebook a 2004. Amma jami'ar Harvard suka bari, bayan sun gama sakandare sun ci gasar shiga ɗaya daga cikin jami'o'in da suka fi wahalar shiga a Amurka. Gates tun yana ɗan shekara 13 yake rubuta manhajar kwamfuta, kuma mahaifinsa babban lauya ne. In ya kawo maka Aliko Ɗangote, ka tuna masa ya yi karatu a Azhar ta Alƙahira, kuma jinin gidan Alhassan Ɗantata ne, inda fatauci gado ne. Bidiyon minti ɗaya ba ya ɗaukar wannan, kuma ba ya nuna dubban da suka bar karatu aka daina jin ɗuriyarsu.

Ka koya masa tambaya ɗaya da zai riƙa yi wa kowane mai magana: wannan da me yake cin abinci? Ku leƙa ƙasan bidiyon tare. In akwai kwas na sayarwa, ko zauren Telegram, ko alkawarin riba tsayayya kowane wata, to mai kallon ne hajar. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016.

Sha'awar neman na kai kuwa kada ka kashe ta. Ka ba shi ɗan jarin da in ya narke ba za ka ji ciwo ba, a kan abin da ake riƙewa da hannu, kamar cajin waya ko kiwon kaji goma. Sharaɗi biyu: littafin shiga da fita da za ka duba duk Juma'a, da sakamakon jarrabawa da ba zai sauka ba.

Tambaya: Direban babbar mota ne ni, nakan yi sati uku ban kwana gida ba. Ina so in riƙa ɗaukar nasiha da kaina ina tura wa yara. Yaya zan yi?
*Wani direba daga Maraɗi*

Amsa: Madalla da wannan niyya, Alhaji. Ka yi bayan ka faka, ka kashe inji, ka ɗaga gilashi. Haske ya kasance a gabanka. In yana bayanka, baƙin inuwa za su gani. Ka jingina wayar daidai tsayin idonka, nisan kamu ɗaya, domin murya ta fi hoto muhimmanci. Ka kira sunan yaro ɗaya, ka faɗi abu ɗaya da ka gani a hanya yau, minti 2 ko 3, ka rufe da tambayar da zai amsa maka da saƙon murya. Faɗa da bin bahasin laifi ka bar su sai ka dawo, don abin da aka naɗa ana maimaita kallonsa, 'yan'uwansa ma za su gani.

Ka saita ingancin hoton kyamara a 720p, ya isa kuma bai cin data sosai. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, saboda haka wanda kake so a adana ka tura shi a matsayin fayil. Ka sa wa kowanne kwanan wata da sunan yaron, ka ajiye kwafi biyu: ɗaya a memori a gida wajen uwarsu, ɗaya a Google Drive, ma'ajin fayil na intanet wanda ke ba da gigabait 15 kyauta.