Kwalbar da ake fasa wa jirgin ruwa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga bidiyon wata mata tana fasa kwalba a goshin sabon jirgin ruwa, kana tambaya ko tsafi ne. Raɗin suna ne irin na Turawa. Mu rago muke yankawa ran bakwai, su kwalbar giya suke fasawa ranar da za a tura jirgi cikin ruwa, kuma galibi mace ake ba wa. Camfi kam akwai: in kwalbar ta ƙi fashewa, sai matuƙa su ce jirgin ba shi da sa'a.

Bari in ba ka labarin wani jirgin ruwa mai suna Queen Mary. Shekaru yana kwance a ma'aikatar John Brown da ke Clydebank, a Sikotilan, ba suna, sai lamba 534, kamar jinjirin da ba a yi wa suna ba. A 1931 ma kuɗi suka ƙare, aiki ya tsaya cak. Sai ranar 26 ga Satumba 1934 Sarauniya Mary, matar Sarki George na biyar na Birtaniya, ta fasa kwalbar, aka sa masa sunanta. A 1936 ya fara jigilar masu hannu da shuni tsakanin Southampton da New York.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, duk gatan nan ya kau. Aka shafe shi da fenti ruwan toka, aka kwashe darduma da kujerun alfarma, aka jera gadaje hawa-hawa. Jirgin da aka ƙera don fasinja 2,000 da 'yan kai, a Yulin 1943 ya ɗebi mutum 16,683 a tafiya guda. Barci ma karɓa-karɓa ake yi. Kakanka da ya je Burma, a wani jirgin ne daban, amma haka ya ce an cusa su. Har ya rasu ba ya son warin fenti.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne na Oktoban 1942. Queen Mary ya yi karo da Curacoa, jirgin yaƙin da ke masa rakiya, ya raba shi biyu. Umarni ne kada ya tsaya, don tsoron jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa. Haka ya wuce, mutum fiye da 300 suka halaka.

Tun 1967 yana ɗaure a Long Beach ta Amurka, ya koma otal. Ka gaishe min da mahaifiyarka.