Tambaya da Amsa: Alamar Ɗebewa a Gaban Baka

Tambaya: Malam, an ba mu 5 − 2(x − 3) = 1, na samu x = −1, amma malaminmu ya ce amsar 5 ce. Ina na kuskure? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ɗiyata, amsar da kika samu ta nuna mini inda kika yi tuntuɓe, wato wajen buɗe baka. Lambar da ke manne da baka tana ninka duk abin da ke cikinsa, kuma tana shiga ne tare da alamarta. A nan −2 ce ke ninkawa, saboda haka −2 sau x ya ba da −2x, sannan −2 sau −3 ya ba da +6, domin idan lambobi biyu masu alamar ɗebewa suka ninka juna, sakamakon yana ɗaukar alamar tarawa. Ke kuwa −6 kika rubuta, kuma a ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a natsu a cikin irin wannan lissafi.

Idan aka gyara, za a samu 5 − 2x + 6 = 1, wato 11 − 2x = 1. A ɗebe 11 daga ɓangarorin biyu, a raba su da −2, sai x ya zama 5.

Kada kuma ki fara ɗebe 2 daga 5, domin ninkawa tana gaba da ɗebewa. Ina so ki riƙa mayar da amsarki cikin tambayar kafin ki miƙa aiki: 5 tana ba da 5 − 2(2) = 1, alhali −1 tana ba da 13.